Bakin Zare

A Tudun Wada, saman shagon mai faci,
muna da ɗaki ɗaya da fanka mai kuka,
kwamfuta tara, biyu sun riga mu gidan gaskiya,
da yara goma sha huɗu masu zuwa ran Litinin,
ba wanda ya taɓa ba inji umarni ko ɗaya.

Daren Asabar muka zauna mu uku,
shayi na hucewa, gardama na tafasa.

Shitu ya ce a fara musu da Si.
Wai wanda ya koyi iyo a Galma da damina
kududdufi ba ya ba shi tsoro.
Su sha wuyar waƙafi mai ruwa,
su san lungun da inji ke ɓoye kowace lamba.
Haka aka yi masa a Samaru:
su sittin suka shiga, su takwas suka fita.
Na ce, sauran fa?
Ya kurɓi shayi.

Habila ya ce Faiton.
Layi ɗaya, allo ya ce sannu,
yaro ya washe baki, gobe ya dawo.
Wa ke yaye jariri da ƙanzo?
Shitu ya ce, mai saba wa ciki da koko
ranar tuwon dawa zai yi kuka.
Muka watse, kowa da gaskiyarsa a aljihu.

Ran Lahadi na bi ta Ƙofar Doka
karɓo rigata wurin Baba Ɗanladi.
Na tarar da shi a zaure da jikansa.
Bai ba yaron shadda ba,
ƙyallen buhu ya ba shi, da allura mai faɗin kafa.
Soka, ja, ƙirga uku, koma.
Maimaita har ka kai gefe.
In zare ya ƙare, tsaya.
A suka ta tara yaro ya kauce.
Tsoho bai karɓa ba, bai ko ɗago kai ba.
Ya ce, nemo inda ka ɓata.
Yaro ya bi zare da farce, baya, baya,
har ya ce, ga shi!
Na tsaya riƙe da riga, na manta ban biya ba.

Litinin, ba wuta tun asuba.
Na raba takarda da fensir.
Na ce, yau ni ne injin,
ba ni da wayo, ba ni da kunya,
abin da kuka rubuta shi zan yi.
Ku kai ni ƙofa.

Uwani ta rubuta: je ka ƙofa.
Ban motsa ba. Ban san ƙofa ba.
Ta yi tsaki, ta goge: taka gaba.
Na taka, na taka,
ba ta ce in tsaya ba,
goshina ya gaisa da bango.
Dariya har mai faci ya leƙo.
Ta fizge takarda, ta ciji fensir,
ta bi layi da farce, baya, baya.
Taka gaba, har sai ka taɓa katako.
In ka taɓa, tsaya.

Da la'asar fanka ta soma kukanta.
Bakwai masu rai suka buɗe ido.
Shitu na bakin taga, Habila na kan benci,
kowa na jira ya ji wa zan ba gaskiya.

Uwani ta ce, Malam, da wane yare za mu gaya masa?
Na ce, wannan watan, na Habila.
Bayan salla Shitu ya kai ku Galma.
Ba wanda ya ji daɗi a cikinsu.

Har yau goshin da ɗan tudu.
Kuɗin Baba Ɗanladi kuwa, sai Juma'a na kai.